Hutun Haihuwa da Yadda Ake Neman Ƙarinsa: Bayani ga Ma'aikatan Ka'oje da Ƙaramar Hukumar Bagudo

Hutun haihuwa shi ne lokacin da doka ko ƙa'idar aiki ta ba mace ma'aikaciya damar ajiye aiki kafin haihuwa da bayanta ba tare da ta rasa gurbinta ba. Ƙarin hutu kuwa shi ne kwanakin da ake ɗorawa a kan wancan idan lafiyar mai jego ba ta ba ta damar komawa bakin aiki ba. An shirya wannan bayani ne domin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da na sakatariya da masu aiki a wurare masu zaman kansu a Ka'oje da Tsamiya da Lolo da Illo da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo, tare da jami'an da takardun neman hutu ke bi ta hannunsu.

Abin da Dokar Ƙwadago ta tanada

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta yi maganar masu juna biyu a sashe na 54. Sashen ya shafi mata masu aiki a masana'antu da wuraren kasuwanci da gonakin da ake ɗaukar ma'aikata. Mace na da ikon barin aiki idan ta kawo takardar likita mai rajista da ke nuna ana sa ran za ta haihu cikin mako shida. Bayan haihuwa kuma ba a yarda a sa ta aiki ba sai mako shida sun cika, ko da ita ce ta nemi komawa. Jimla mako 12 ke nan. Idan ta yi wata shida ko fiye tana aiki a wurin ba yankewa kafin ta tafi hutun, wajibi ne a biya ta aƙalla rabin albashinta. Mai shayarwa kuma tana da rabin awa sau biyu a kowace ranar aiki domin ta ba jaririnta nono. Sai dai dokar ba ta ɗora wa mai wurin aiki kuɗin asibitin haihuwa ba, kuma ba ta yi wa uba tanadin hutu ba.

Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake bayarwa, takardar ɗaukar aiki na iya ƙara a kansa. Don haka ne sashe na 7 ya tilasta wa mai wurin aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce. Wadda ke aiki a makaranta mai zaman kanta ko kantin magani ko gidan mai ta nemi wannan takarda tun kafin ciki ya tsufa.

Ma'aikatan gwamnati

Akasarin ma'aikatan gwamnati ƙa'idojin aikin gwamnati ne ke tafiyar da hutunsu. A matakin tarayya, ƙa'idojin 2008 sun ba mai ciki mako 16 da cikakken albashi, aka kuma ba mai shayarwa rangwamen awa biyu a kullum har wata shida bayan ta dawo aiki. Gyaran da aka yi wa ƙa'idojin a 2021 ya mayar da hutun kwanakin aiki 112. A watan Satumba na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwanakin aiki 14 ga ma'aikaci namiji da aka yi wa haihuwa, takardar umurnin aiwatarwa kuma ta fito a Nuwamba 2022, da sharaɗin sau ɗaya a cikin shekara biyu, kuma ga 'ya'ya huɗu kaɗai.

Jihohi kowace da tsarinta. Legas ta kai hutun wata shida a 2014, Kaduna ta yi haka a 2019, domin a dace da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shayar da nonon uwa zalla har wata shida. Ma'aikatan Jihar Kebbi da na ƙananan hukumominta 21 suna bin ƙa'idojin aikin jiha ne da takardun umurnin da ke fitowa daga ofishin Shugaban Ma'aikata a Birnin Kebbi. Ya kamata mai neman hutu ta buƙaci jami'in kula da ma'aikata ya nuna mata takardar umurnin da ke aiki a lokacin, ta kuma rubuta lambarta da kwanan watanta a cikin wasiƙarta. Abin da aka ji a rediyo game da ma'aikatan tarayya ba ya zama hujja ga ma'aikaciyar ƙaramar hukuma.

Neman ƙarin hutu

A nan ne aka fi samun tangarɗa. Bisa al'ada, mai haihuwar fari kan koma gidan iyayenta wankan jego har a yi arba'in, kuma kwana 40 ɗin sun kusa daidai da mako shidan da doka ta hana aiki a cikinsu. Matsalar na tasowa ne idan hutu ya ƙare alhali mai jego ba ta murmure ba, kamar wadda aka yi wa tiyata, ko ta yi zubar jini mai yawa, ko jijjiga, ko hawan jini, ko ta gamu da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda. Sau da yawa iyali kan wadatu da aika saƙon baki ga shugaban makaranta ko mai kula da asibiti, shi kuma ya ce ba komai, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan karamci ne, amma ba ya shiga fayil. Ranar da masu tantance ma'aikata suka zo daga Bagudo ko Birnin Kebbi, abin da za su gani shi ne ma'aikaciya ta bar aiki ba izini, wanda babban laifi ne a ƙa'idar aiki, yana jawo tsayar da albashi, har ma da kora.

Dokar Ƙwadago ta hana a ba mace takardar sallama yayin da take hutun haihuwa, haka kuma idan ta zarce saboda ciwon da likita mai rajista ya tabbatar ciki ko haihuwa ne suka jawo shi, kuma ya hana ta aiki. Kariyar tana rataye ne a kan takardar likitan. Takardar unguwarzoma ko ta mai kemis ba ta wadatarwa. A je Babban Asibitin Ka'oje ko na Bagudo, idan kuma an tura mara lafiya Asibitin Sir Yahaya ko cibiyar masu yoyon fitsari da ke Gesse a Birnin Kebbi, a karɓo takarda daga can, mai ɗauke da sunan likita da sa hannunsa da hatimin asibiti da adadin kwanakin hutun da ya bayar.

A rubuta wasiƙar neman ƙarin tun hutun farko bai ƙare ba. Ta ƙunshi cikakken suna da lambar fayil da matakin albashi da wurin aiki da ranar haihuwa da ranar da ya kamata a dawo da kuma kwanakin da ake nema. Malamar firamare za ta bi ta hannun shugaban makarantarta zuwa ga Sakataren Ilimi, ma'aikaciyar sakatariya kuma ta hannun shugaban sashenta zuwa ga daraktan kula da ma'aikata. Miji ko ɗan'uwa na iya kai wasiƙar. A yi kwafi biyu, a sa magatakarda ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, a adana shi a gida. Ana jan hankalin jami'ai da su ba da amsa a rubuce, domin ajiye wasiƙa a aljihun tebur ba amincewa ba ce.

Idan ba ciwo ba ne dalili, misali an haifi tagwaye ko bakwaini ko babu mai reno, to ƙarin ba haƙƙi ba ne, alfarma ce da hukuma ke iya yi ko ta ƙi. Ana iya neman hutu ba albashi, ko hutun shekara inda ƙa'ida ba ta riga ta lissafa shi cikin na haihuwa ba, kuma ba a fara shi sai an ga amincewa a rubuce.

Waɗanda suka haihu a ƙetaren iyaka

Auratayya ta haɗa mutanen wannan yanki da na Segbana da Malanbil a Jamhuriyar Benin, don haka akan sami ma'aikaciyar da ta haihu a can wurin iyayenta. Takardar asibitin can da Faransanci take, kuma likitan da dokar Nijeriya ke nufi shi ne mai rajista a Nijeriya. Abin da ya fi shi ne a kawo takardar ga likitan gwamnati a nan, ya duba mai jegon, ya rubuta tasa, a haɗa su biyun. Wadda kuma ke aikin albashi a cikin Benin, dokar ƙwadagon ƙasar ta 1998 ce ke kanta: mako 14, shida kafin haihuwa da takwas bayanta, da ƙarin mako huɗu idan an tabbatar da ciwo.

Inda ake kai koke

Wadda aka tsayar wa albashi ko aka sallama saboda ciki ko jego ta fara rubuta koke ga shugabannin wurin aikinta, ta sanar da ƙungiyarta, wato NULGE ga ma'aikatan ƙananan hukumomi, NUT ga malamai. Daga nan sai Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ko Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha. Masu aiki a wurare masu zaman kansu su tuntuɓi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Birnin Kebbi. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ma na sauraron irin wannan ƙorafi kyauta. Idan sulhu ya faskara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar ƙwadago bisa gyaran tsarin mulki na 2010, kuma a can za a nemi takardar ɗaukar aiki da takardar likita da kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa.