Albasar Daji ta Arewacin Amurka (Allium tricoccum)

Allium tricoccum albasar daji ce da ke tsirowa a dazuzzuka masu inuwa da danshi na gabashin Arewacin Amurka. Mazauna tsaunukan Appalachia suna kiranta ramps, masu jin Faransanci a Kanada kuwa ail des bois, wato tafarnuwar kurmi. Yankinta na asali ya taso daga Nova Scotia da kudancin Quebec, ya yi yamma har Minnesota, sannan ya bi tsaunuka ya gangara kudu zuwa arewacin Jojiya. An fara bayyana ta da wannan suna na kimiyya a 1789, cikin Hortus Kewensis, kundin tsirran lambun Kew na Ingila wanda William Aiton ya fitar. Kalmar tricoccum ta samo asali ne daga kwanson irinta mai ɗaki uku, kowane ɗaki da baƙar ƙwaya guda.

Wanda ya saba da lawashin albasar lambu, mai rami a ciki kamar bututu, ba zai gane ta da wuri ba. Ganyenta biyu ne ko uku, masu faɗi da laushi, gindinsu yakan yi ja-ja, kan kuma ƙarami ne dogo. Wari ne ke tona ta: tsakanin albasa da tafarnuwa, kuma ya fi su daɗewa a baki.

Abin sha'awa shi ne yadda ta tsara shekararta. Cikin Maris ko Afrilu, da ƙanƙara ta narke, manyan itatuwa ba su yi toho ba tukuna, sai ta yi wuf ta fitar da ganye ta sha rana. Makonni kaɗan ne. Da itatuwa suka rufe sama, ganyen ya bushe, sai a Yuni ko Yuli sandar fure ta fito ita kaɗai da fararen furanni. Kamar gawo take, mai ganye lokacin da 'yan'uwansa ba su da shi. Sai dai abincin da ta tara a waɗannan makonni bai da yawa, shi ya sa girmanta ke tafiyar hawainiya: iri kan yi wata 6 zuwa 18 a ƙasa kafin ya tsiro, sannan a jira shekara 5 zuwa 7 kafin ta yi fure.

'Yan asalin ƙasar, irin su Cherokee da Ojibwe, sun daɗe suna cin ta da kuma magani da ita. Sunan birnin Chicago ma da ita ake danganta shi: shikaakwa a harshen Miami-Illinois. Bafaranshe Henri Joutel, da ya ratsa wurin a 1687, ya rubuta cewa an sa wa wurin sunan ne saboda yawan tafarnuwar da ke dazukansa. Turawan da suka zauna a tsaunuka sun koyi cin ta a matsayin ɗanyen ganye na farko bayan dogon hunturu, ana soya ta da dankali ko ƙwai. Garin Richwood na West Virginia yana yi mata biki tun 1938.

Matsala ta zo ne da manyan gidajen abinci na birane suka gano ta, cimar talakan dutse ta zama ta masu kuɗi. Mai tona don kasuwa yakan tumɓuke ta har saiwa, kuma abin da ya ɗauki shekara bakwai ba ya dawowa a shekara ɗaya. Cherokee kuwa yanka suke yi sama da saiwa, su bar gindin a ƙasa ya sake tohowa, dabarar da ta fi hankali nesa ba kusa ba. Quebec ta haramta sayar da ita a 1995, ta kuma ƙayyade wa kowane mutum kai 50 a shekara don amfanin gidansa. Gandun dajin Great Smoky Mountains ya hana tonarta a 2002.