TARIHIN YADDA MAGINA SUKA KOYI RIƘE ZAƘIN MURYA

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa rera waƙa a ƙarƙashin rufin kwano, ya kuma rera ta a cikin soron ƙasa, ya san gini yakan ƙara wa murya ko ya rage mata. Amma sai a shekara ta 1895 aka soma auna wannan abu.

A shekarar nan Jami'ar Harvard ta Amurka ta buɗe wani ɗakin lacca inda kalma takan yi fiye da daƙiƙa 5 tana amsa-kuwa, har ba a gane abin da malami yake faɗi. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara. Da dare, bayan gari ya yi tsit, shi da mataimakansa sukan kwaso matasan kujeru daga wani zaure, su shimfiɗa, ya busa bututun molon iska, ya duba agogo har sautin ya mutu. Kafin gari ya waye sun mayar da matasan. Da haka ya gano yawan sautin da kowane abu yake shanyewa.

Da wannan sani aka gina babban zauren kiɗa na birnin Boston, aka buɗe shi a 1900. Da bulo da ƙarfe da filasta aka yi shi, katako kaɗan ne.

A nan mutane da yawa suke kuskure. Sukan ce zauren katako ya fi daɗin amo, wai kamar cikin goge yake. Ba haka ba ne. Abin da masana suke kira ɗumin sauti shi ne daɗewar muryoyi masu kauri, irin na maza masu rera bes. Siririn katako mai iska a bayansa yakan girgiza, ya shanye waɗannan muryoyi, waƙa ta fito a bushe. Bango mai nauyi kuwa yakan mayar da su ga kunne. Ko shahararren zauren Musikverein na Biyana, na 1870, duk da adon zinariyarsa, yawancin bangonsa filasta ne a kan bulo.

Sanin ma bai hana asara ba. A 1962 aka buɗe zauren Philharmonic a birnin New York, makaɗa suka yi ta kukan cewa muryoyin ƙasa sun ɓace. Aka yi ta kwaskwarima ba ta yi ba, har a 1976 aka rushe cikinsa gaba ɗaya aka sake ginawa.