Labarin Ƙwayoyin Cuta Masu Gudun Iska

A ƙasar Bagudo, inda kogin Kwara ya shigo Nijeriya daga iyakar Benin, wadda a da ake kira Dahomi, da sauran ƙauyukan Kabi da Sakkwato da Zamfara, akwai wata cuta da ke kama yara ƙanana. Takan fara ne da gyambo a dasashi, sa'an nan cikin 'yan kwanaki ta zaizaye leɓe da kumatu. Likitoci suna kiranta noma. Sunan nan daga harshen Girka ya fito, ba shi da dangantaka da aikin gona. Ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. In ba a yi magani ba, cikin yara goma har tara kan rasu.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, yawancin ƙwayoyin da ke cikin gyambon nan iska ce ajalinsu. Wani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya fara gane akwai irin wannan halitta cikin 1861. Ya duba ɗigon ruwan tsami da madubin likita, ya ga ƙwayoyin da ke gefe, inda iska ke taɓa su, sun daina motsi, na tsakiya kuwa suna ta kai da kawowa.

To, yaya za a reni abin da iska ke kashewa har a san sunansa? Cikin 1889 wani likitan Japan, Kitasato, ya yi nasarar renon ƙwayar sarƙe-haƙora ita kaɗai a Balin ta Jamus. Cikin 1916 kuma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, raunukan soja suna ruɓewa, McIntosh da Fildes na Ingila suka ƙera wata tukunya mai murfi wadda ake ƙone iskar shaƙa ta cikinta. Duk da haka aikin yana da nawa. Sai an jira kwana biyu ko fi kafin ƙwayar ta tsiro, sa'an nan a ƙara kwanaki ana gwaji. Abin da aka ɗebo daga ƙauye mai nisa kuwa, sau da yawa kan hanya yake mutuwa.

Cikin 1999 aka buɗe Asibitin Yara Masu Noma a Sakkwato, wanda har mutanen Kabi ke zuwa. A shekarar nan ce Cyril Enwonwu, ɗan Nijeriya, da William Falkler na Amurka suka ba da labarin sun sami wata ƙwaya, Fusobacterium necrophorum, cikin gyambon yaran arewacin Nijeriya. Ita ce kuwa ke ruɓar da kofaton tumaki da shanu, saboda haka aka zargi kwana kusa da dabbobi.

Daga baya aka sami hanyar da ba ta bukatar reno, watau karanta ƙwayar halittar gado, ko da ƙwayar cutar ta riga ta mutu. Likitocin Suwizalan suka gwada ta a Damagaram ta Nijar. Abin da suka bayyana cikin 2012 da 2013 shi ne, ba su ga alamar waccan ƙwaya ce tushen cutar ba. Sun ga dai ƙwayoyin da ke zaune cikin baki sun hargitse, wasu sun rinjayi wasu. Har wa yau an ƙera wata na'ura, MALDI-TOF, wadda kan faɗi sunan ƙwaya cikin 'yan mintoci bayan ta tsiro, amma tsadarta ta sa sai manyan asibitoci ke da ita.

Cikin Disamba 2023, bisa roƙon Nijeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Amma maganin farko ba ya jiran na'ura. Tun 1962 aka gane metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, yana warkar da gyambon dasashi. Uwar da ta ga dasashin ɗanta yana jini, bakinsa yana wari, ta kai shi asibiti ran nan, kada ta bari kumatu ya kumbura.