Masallacin Yama da Matsalar Adana Ginin Ƙasa a Ƙasar Adar

Tsakure

Maƙalar ta nazarci masallacin Juma'a na garin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, ta auna shi da ƙa'idojin adana gine-ginen tarihi da aka tsara a birnin Benis na Italiya a 1964. Ta nuna cewa ƙa'idojin da aka gina a kan dutse ba su wadatar da ginin laka ba, domin ran wannan gini yana hannun magina da masu yaɓe.

1.0 Gabatarwa

Idan ana zancen gine-ginen tarihi a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, hankali yakan tafi ga masallacin Agadas mai hasumiya mita 27, wanda UNESCO ta sa tsohon birninsa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ko masallacin Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ba kasafai ake waiwayar Adar ba, wato ƙasar da ta haɗa Tamaske da Keita da Buza da Ilela, alhali a nan ne wani maginin ƙauye ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986 saboda masallacin Yama.

2.0 Tarihi da Tsarin Ginin

A 1962 dattawan Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka damƙa aikin ga Falke Barmu, manomi kuma magini ɗan garin. Aikin gayya aka yi: wasu na buga tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace. Ginin farko ɗaki ne mai kusurwa huɗu da layukan ginshiƙai, da mihirabi da ya turo waje ta gabas, ba wani ado.

A 1975 rufi ya buƙaci gyara. Maimakon ya mayar da shi yadda yake, Falke ya ɗaga bakan gizo a kan ginshiƙan, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Daga baya ya ƙara hasumiya a kowace kusurwa, aikin da ya kai 1982. Duk wanda ya tsaya ya dube su zai ga babu biyu da suka yi kama. Kowace tana da faɗi a gindi, tana tsukewa hawa-hawa zuwa sama, amma tagogi da zankwaye da yadda aka rufe kanta nata ne ita kaɗai. A ganin wannan nazari, rashin daidaiton ba kuskure ba ne. Shaida ce ta maginin da ke tunani da hannu, yana gyara shawararsa daga wannan rani zuwa wancan.

3.0 Ma'aunin Benis da Ginin Laka

Yarjejeniyar Benis ta fi ba da muhimmanci ga ainihin kayan da aka yi gini da su, ta kuma nemi duk abin da aka ƙara wajen gyara ya bambanta da na asali. Wannan ya dace da marmara da tubalin wuta na biranen Italiya, inda bango ke shekara ɗaruruwa bai motsa ba. A Adar kuwa hadarin damina daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon alƙibla shi ke shan dukan ruwa fiye da sauran. Ƙarƙashin indararo yakan zaizaye, gindin bango ya ci. In ba a kwaɓa laka da ramno an sake yaɓe ba, damina kaɗan sun isa su kai gini ƙasa. Ke nan fatar da ake gani a yau ba ita Falke ya shafa ba, kuma hakan bai rage wa ginin asali ba. Takardar Nara ta 1994 ta ɗan sassauta, inda ta yarda a auna sahihancin gini bisa al'adar masu shi.

Barazanar da ta fi girma ta zamantakewa ce. Da rani ake yaɓe, da rani kuma samarin Adar ke tafiya biɗa zuwa Nijeriya da Kodebuwa da Libiya. Kuɗin da suke aikowa sukan tafi ga siminti da kwano, don ana ɗaukar su alamar ci gaba. Siminti a kan laka kuwa yana riƙe danshi a ciki, ya ɓanɓare, ya tafi da naman bango.

4.0 Darasin Dandaji

A Dandaji, ita ma a jihar Tawa, akwai tsohon masallacin da ake danganta wa Falke, wanda ya lalace. Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa matsattse, aka kammala a 2018. Abin lura shi ne an gayyato magina na gargajiya cikin gyaran, gini ya samu sabon amfani, da dalilin da zai sa a ci gaba da kula da shi.

Saboda haka ya kamata hukumomin al'adu da ƙananan hukumomin jihar Tawa su fara da rajistar maginan da suka rage da almajiransu, su kuma ware kuɗin yaɓe a kasafin kowace shekara, kafin a kai ga zancen kafa allon tarihi.