Yini guda a kusheyin Verdun



A wannan fitowa muna so mu kai ku wani wuri a ƙasar Faransa, gabas da birnin Paris, bakin kogin da ake ce ma Meuse. Sunan wurin Verdun. Kada wani ya ce ina ruwanmu da shi, don akwai baƙar fata kwance a can, cikinsu har da masu salla irin tamu. Waɗansu daga cikinmu da ke zaune Faransa mun samu zuwa, mun yini, ga kuwa abin da ke wurin.

A nan ne Faransa da Jamus suka gwabza cikin yaƙin duniya na farko, daga 21 ga Fabrairu har 18 ga Disamba 1916, wato kusan kwana 300. Mutum fiye da dubu 300 suka mutu, idan an haɗa ɓangarorin biyu. Har yau ƙasar wurin tudu da kwari ce saboda ramukan da harsasan igwa suka haƙa, ko da yake itatuwa sun rufe su.

Da hantsi muka fara da gidan tarihin yaƙin, wanda aka buɗe a 1967. An ajiye bindigogi, da igwa, da tufafin soja, da kwanonin abinci, da wasiƙun da sojoji suka rubuta ma iyalansu. Abin da ya fi tsaya muna a rai ba manyan makamai ba ne, ƙananan kayan nan ne, irin waɗanda kowane matafiyi ke sawa cikin jaka.

Kusa da nan akwai kufan wani ƙauye mai suna Fleury. Kafin yaƙi mutanensa sun ɗara 400 kaɗan. Cikin 1916 sau 16 yana fita daga hannun wannan yana faɗawa hannun wancan, har ba gini ko ɗaya da ya rage. Yau an kafa alamu cikin daji: nan ne lakwal take, nan gidan mai burodi, nan gidan manomi. Ƙauyuka tara aka shafe haka, shida daga ciki ba wanda ya sake zama cikinsu. Amma ku ji abin mamaki: kowanensu yana da magajin gari har yanzu, perefe ne ke naɗa shi, don kada sunan garin ya ɓace. Kufai ne, amma yana da mai kula da shi.

Bayan azahar muka hau Douaumont. Akwai wani dogon gini mai mita 137, da hasumiya mai mita 46, wanda aka ƙaddamar a 1932. Cikinsa aka tara ƙasusuwan soja wajen dubu 130 da ba a gane ko su wane ne ba, Faransawa da Jamusawa a cakuɗe. Ta ƙananan tagogi daga waje mutum na iya leƙa su. Gaban ginin kuwa kusheyi ne 16,142 a jere. Daga gefe guda akwai 592 da aka fuskantar da su alƙibla, da rubutun Larabci bisa duwatsunsu. Na Musulmi ne, mafi yawansu Larabawan arewacin Afirka, da waɗansu baƙar fata. Nan muka tsaya muka yi musu addu'a. Sai a 2006 shugaba Jacques Chirac ya buɗe wata ƙubba ta tunawa da su.

To, me ya kawo su nan? Tun 1857 Faransa ta kafa rundunar baƙar fata da ta sa ma suna sojan Sanagal. Sunan ne kawai na Sanagal. Cikinta akwai Bambara, da Mosi, da Zabarmawa, da Hausawa. A yaƙin farko an kwashi kusan mutum dubu 200 daga Afirka ta Yamma ta Faransa, wajen dubu 30 ba su komo ba. Ran 24 ga Oktoba 1916, da aka ƙwato sansanin Douaumont daga hannun Jamus, bataliya ta 43 ta wannan runduna tana cikin waɗanda suka yi aikin, tare da sojan Somaliya.

A lokacin ƙasarmu tana hannun mulkin soja, babban birninta Damagaram. Jama'a ba su gama farfaɗowa daga yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914 ba, sai ga kwamanda yana neman samari ta hannun sarakuna. Waɗansu suka tafi, waɗansu suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi. A watan da yaƙin Verdun ya ƙare, Disamba 1916, Kawusan ya kewaye barikin Agadas, bai janye ba sai Maris 1917. Wato a shekara guda waɗansu na mutuwa don Faransa, waɗansu na yaƙarta a gida.

Waɗanda suka komo daga yaƙin nan da na biyu ba su samu cikakken haƙƙinsu ba. Wata doka ta 1959 ta daskarar da fanshonsu, na takwarorinsu Faransawa kuwa yana ta ƙaruwa. Ba a fara daidaitawa sosai ba sai 2007, aka cika a 2011, bayan mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Ƴan uwa, waiwaye adon tafiya. Mutanen can sun riƙe sunan ƙauyen da ba kowa cikinsa. Mu namu garin cike yake da jama'a, amma wa zai iya lissafa muna tsofaffin sojanmu da sunayensu? An rubuta su da sunan wata ƙasa, kada mu kuma mu bari su ɓace a tamu. Muna roƙon dattawa su faɗi abin da suka ji daga iyayensu: wa aka ɗauka, ɗan wane gida ne, wace shekara, ya komo ko bai komo ba. Wanda ke da tsohuwar takardar soja ko lambar girma cikin adaka ya nuna ma magatakardan ƙungiya a kwafe. Mu kuma za mu buga sunayen a nan, gida gida.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.