Tarken Tsara a Tsakanin Sababbin Marubuta Fim: Matsalar Zancen Taurari, da Misali daga Yankin Madobi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda marubutan fim masu tasowa a ƙasar Kano suke duba wa juna rubutu kafin su miƙa shi ga alƙalan gasa ko ga furodusa, inda ta mayar da hankali a kan zancen taurari, wato maganganun da ake rubuta wa 'yan wasa domin su furta. Ta nuna cewa ma'aunin da ake yin wannan duba da shi an gaje shi ne daga gasar ƙagaggun labarai da ƙungiyoyin marubuta littattafai, kuma ma'auni ne da aka gina domin mai karatu, alhali zancen fim mai sauraro ne yake karɓar sa. An ɗauki maganar manoman rani na yankin Madobi da Kura da Bunkure a matsayin misali na irin muryar da wannan ma'auni yake shafewa.

Asalin al'adar

Abin da ake nufi da tarken tsara shi ne nazarin da marubuci yake yi wa aikin ɗan'uwansa marubuci, wanda ba malaminsa ba ne kuma ba ubangidansa ba, ya fito masa da kyawunsa da rauninsa tun aikin bai fita ba. Rubutaccen ƙagaggen labarin Hausa na boko bai fara da wannan tsari ba. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, ta kafa wata dangantaka ce da gyara yake saukowa daga sama, daga edita zuwa marubuci. Haka abin ya ci gaba a gasar kamfanin NNPC ta 1978, wadda ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da kuma gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya wadda aka buga littattafanta a 1982.

Sauyi ya zo ne daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa a Kano suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Da yake babu edita, sai ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa suka cike gurbinsa, suna karanta rubutun 'ya'yansu kafin a kai shi maɗaba'a, kuma a irin wannan zama ne marubuci ya saba da karɓar gyara daga tsaransa. Waɗannan marubuta su ne kuma suka shiga harkar fim tun tana jaririya. Bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In da So da Ƙauna zuwa fim a 1994, aka kuma mayar da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu zuwa fim a 1998.

Sai dai akwai wani gadon na daban da fim ya samu daga wasannin talabijin irin su Samanja da Karkuzu, inda yawanci ake ba ɗan wasa bayanin fitowa, wato abin da zai faru a wani wuri a lokaci guda, shi kuma ya samar da kalmomin da bakinsa. Finafinan bidiyo da yawa sun bi wannan hanya tsawon shekaru, saboda haka rubuta zance kalma bayan kalma bai zama dole ba sai da finafinai masu dogon zango suka kafu, musamman bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014 da zuwan shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Ke nan marubutan Hausa sun daɗe suna duba wa juna labari, amma duba wa juna zancen da za a furta sabon abu ne, kuma har yanzu da kayan aikin tsohon ake yin sa.

Abin da idon mai duba yake fara kamawa

Idan sabon marubuci ya miƙa rubutunsa ga abokinsa, abin da ya fi saurin dawowa da jan biro shi ne ƙa'idojin rubutu: harufan ƙ da ɗ da ɓ da aka bari babu lanƙwasa, da «shi ne» da aka haɗe, da «yana» da aka raba. Wannan gyara yana da amfani, kuma dalilin fifita shi a fili yake, domin gasannin da matasa suka fi sani, irin su Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta gajeren labari, suna neman daidaitacciyar Hausa, wato Hausar da masana suka amince a riƙa rubutu da koyarwa da ita. Bayan wannan sai jigo, inda ake tambayar wane saƙo labarin yake ɗauke da shi, tambayar da ta ƙara nauyi tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, domin kowa ya san aikin zai bi ta gabanta. Sannan zubi da tsari, wanda a nan ne tasirin littattafan koyon rubutun fim na Amurka ya fi bayyana, musamman littafin Syd Field na 1979 da ya yaɗa raba fim zuwa kashi uku, tare da lissafin nan na cewa shafi ɗaya yana daidai da kusan minti ɗaya a allo.

Zance shi ne yake zuwa a ƙarshe, kuma idan ya zo, da ma'aunin farko ake auna shi. Bakano yana cewa «ya sai da», yana cewa «bara na je», yana cewa «na gaya mai», amma mai duba yakan mayar da su «ya sayar da» da «bari in je» da «na gaya masa», da kyakkyawar niyyar kada alƙalai su rage wa ɗan'uwansa maki. Sakamakon haka shi ne dattijo da yarinya, malamin jami'a da direban tirela, duk su fito da baki ɗaya, bakin mai karanta labarai a rediyo. Haka nan gaisuwa takan sha almakashi, saboda littattafan waje suna koyar da cewa a shiga fitowa a makare a fita da wuri. Shawarar tana da gaskiyarta, amma a rayuwar Bahaushe tsawon gaisuwa da gajartarta bayani ne a kan dangantaka, domin matar da ta amsa wa kishiyarta da «lafiya» kaɗai ba tare da ta tambayi yara ba ta riga ta sanar da mai kallo cewa akwai magana a ƙasa. Mai duba da ya yanke wannan ya yanke wani ɓangare na labarin ba tare da ya sani ba.

Misali daga gonakin rani

Yankin Madobi yana kudu da birnin Kano, yana maƙwabtaka da Kura, a shiyyar da aikin noman rani na Kogin Kano ya sauya wa fuska bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Ruwan da yake gangarowa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ya sa ana noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa a lokacin da sauran wurare suke jiran damina, ya kuma haifar da rayuwa mai cike da abin da fim yake nema: jayayya a kan wanda zai yi ban ruwa yau, bashin taki da man inji, dillalan kasuwar Kwanar Gafan, da faɗuwar farashi a lokacin da kowa ya tsinki tumatirinsa a mako guda. Marubuci matashi daga wannan yanki yana da labari a hannu, kuma abin da zai iya rasawa a hannun masu duba shi ne muryar mutanensa.

Domin bayani, a ɗauki wata fitowa da aka ƙirƙira, inda manomi ya haɗu da ƙanin mahaifinsa wanda ya ranta masa kuɗin taki. Sabon marubuci yakan rubuta ta kamar haka: «Baffa, kamar yadda ka sani ka ba ni bashin kuɗin taki a farkon rani, amma yanzu farashin tumatir ya faɗi, saboda haka ba zan iya biyan ka ba.» Wannan jimla ba ta da kuskuren rubutu ko ɗaya, don haka za ta wuce ta gaban mai duba ƙa'ida lafiya lau, amma ta gaza ta fuska biyu. Tana faɗa wa Baffa abin da ya riga ya sani domin kawai mai kallo ya ji, sannan ta sa ɗa ya dubi idon ubansa ya ambaci bashi da bakinsa, abin da alkunya, wato kawaicin da ake yi wa na gaba da dangi, ba ta cika bari ba. Mai duba da yake sauraro zai nemi a sake ta ta koma kusa da haka:

BAFFA: An ce jiya mota ta ɗau kaya a gonarka.
MANOMI: Ta ɗauka, Baffa. Ko kuɗin kwandunan ba su fito ba.
BAFFA: To, Allah ya kyauta. Ya yaran?

Babu wanda ya ambaci bashi a cikin layukan nan uku, amma an nemi bashi, an ba da haƙuri, an kuma ɗage maganar ba tare da an yafe ta ba. Tambayar yara a ƙarshe ita ce mafi nauyi, domin ɗan wasa zai iya furta ta da tausayi, zai kuma iya furta ta da sanyin da zai nuna cewa zumunci ya fara tsami, kuma wannan sarari da aka bar wa ɗan wasa da darakta shi ne alamar zance mai kyau. Kalmar «ɗau» kuwa, wadda jan biro zai so ya cika ta, ita ce take nuna cewa dattijon a zaune yake cikin harshensa, ba karatu yake yi ba.

Akwai haɗari na biyu da yake fuskantar irin wannan rubutu, wanda ya fi na farko ciwo. Idan masu duba suka yarda a bar wa manomi maganarsa, sau da yawa sukan tura marubucin zuwa ga siffar baƙauye da finafinan barkwanci suka kafa, mutumin da yake karya kalmomin Turanci, yake ruɗewa da ganin birni. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamban 2014, ya yi wannan salo da gwanintar da ta zama tasa, amma masu kwaikwayonsa sun mayar da shi ƙa'idar da ake ɗora wa duk wanda ya fito daga karkara. Manomin Kura da yake lissafin buhunan taki, yake ciniki ta waya da 'yan gwari a Legas, yake sanin ranar da za a saki ruwa, bai dace da wannan riga ba, kuma tarken da bai gane haka ba yana cutar da gaskiya kafin ya cutar da fasaha.

Yanayin ba da gyara

Yadda ake faɗar gyara yana da nasa tasiri. Kara tana hana ƙarami ya ce wa wanda ya riga shi fitar da littafi zancensa bai yi ba, sai ya tsaya a kan «Allah ya ƙara basira» da gyaran waƙafi, wanda shi ne gyaran da ba ya ɓata wa kowa rai. Ga kuma tsoron satar fasaha, wanda yake sa marubuci ya nuna fitowa ɗaya ya ɓoye sauran, alhali ba a iya auna magana sai an san abin da mai yin ta yake nema a cikin labarin gaba ɗaya. Idan kuma mai rubutu da mai duba gasa ɗaya za su shiga, shakka takan shiga tsakani ko da babu mugun nufi. Gasar Nicholl da hukumar da take ba da kyautar Oscar ta kafa a 1986 domin sababbin marubuta fim ta saba cire sunan marubuci daga rubutun kafin a karanta, kuma ƙungiyar marubuta za ta iya yin haka a zamanta ba tare da kashe ko kwabo ba.

Abin da ya fi kowanne amfani shi ne karatu a bayyane, inda ake raba taurari ga mutane daban-daban su karanta da murya, marubucin kuma ya yi shiru yana sauraro, bai kare kansa ba, bai yi bayani ba. Marubutan Kano sun saba da karatu a bainar jama'a a zaman da reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya yake yi, sai dai a can marubuci ne yake karanta aikinsa, kuma muryarsa takan rufe raunin da ke cikinsa. Idan wani ne ya karanta, duk inda harshensa ya sarƙe ko numfashinsa ya ƙare kafin jimla ta ƙare, an gano wurin gyara. Ya kamata kuma a raba ma'auni gida biyu, a riƙe daidaitacciyar Hausa da ƙarfi a bayanin wuri da motsi da umarnin kyamara, a sassauta ta a bakin taurari, masu shirya gasa kuma su rubuta wannan a cikin sharuɗɗansu domin masu duba su daina gyara saboda tsoro.

Zaman karatun yana buƙatar mutum ɗaya aƙalla wanda ya san sana'ar da labarin ya shafa, ko da bai taɓa rubuta komai ba. A 2016 wata tsutsa da masana suke kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da maƙwabtanta, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki, kuma jaridu suka riƙa kiran annobar da sunan Ebolar tumatir, alhali manoman yankin Sharon suke ce mata. Marubucin da ya sa sunan jarida a bakin manomi ba zai ji ƙorafi daga tsaransa na birni ba, domin su ma a jarida suka san ta, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a fangali zai gane tun daga layin farko cewa mai maganar ba nasu ba ne.