Ziggy Stardust, Mawaƙin da David Bowie Ya Ƙaga

Ziggy Stardust mawaƙi ne na ƙage wanda David Bowie, ɗan Ingila, ya riƙa hawa dandamali a matsayinsa daga farkon 1972 zuwa Yulin 1973. A labarin da Bowie ya tsara, Ziggy ɗan aiken wasu halittu ne daga sararin samaniya, ya zo saura shekara 5 duniya ta tashi, ya yi suna, kuma sunan ne ya zama ajalinsa. Ba a kan Bowie aka fara irin wannan ƙagen ba. Tun 1950 Hank Williams yake fitar da faifai a Amurka da sunan Luke the Drifter. Sai dai shi a faifai ya tsaya, Bowie kuwa har wurin hira da 'yan jarida yake zuwa cikin shigar Ziggy.

An yi saɓani kan ranar da Ziggy ya fara bayyana. Da yawa sun tsaya kan 10 ga Fabrairu 1972, ranar da aka yi wasa a wata ƙaramar mashaya mai suna Toby Jug a Tolworth. Mutanen Aylesbury kuwa sun ce a garinsu aka fara, ranar 29 ga Janairu, har sun kafa wa Bowie mutum-mutumi a 2018. Hujjarsu ta fi ƙarfi, domin a wannan daren makaɗan Bowie uku sun riga sun fito cikin sabuwar shiga: Mick Ronson mai jita, Trevor Bolder mai jitar bas, da Woody Woodmansey mai ganguna. Su ne ake kira Spiders from Mars.

Asalin sunan ma an yi saɓani a kansa. Bowie ya taɓa cewa a jikin shagon wani tela ya ga an rubuta Ziggy, wasu kuma na danganta shi da mawaƙi Iggy Pop. Stardust daga wani mawaƙin Texas ya aro shi, Legendary Stardust Cowboy. Halin Ziggy kuma akwai na Vince Taylor a ciki, mawaƙin da ya yi tashe a Faransa kafin ƙwaya ta taɓa masa hankali.

Faifan da ke ɗauke da labarin Ziggy ya fito a Yunin 1972, amma abin da ya kai shi kowane gida shi ne shirin Top of the Pops na BBC, ranar 6 ga Yuli. Matasa suka ga mutum da gashi ja wur yana rera "Starman", ya ɗora hannu a kafaɗar Ronson. Suzi Fussey ce ta gyara gashin, daga baya Kansai Yamamoto na Japan ya ɗinka masa fitattun kayansa.

Ranar 3 ga Yuli 1973, a zauren Hammersmith Odeon da ke Landan, Bowie ya sanar cewa wasan ƙarshe ke nan. Ronson ya san da maganar. Bolder da Woodmansey kuwa a kan dandamali suka ji, tare da 'yan kallo, kuma gaskiya ba a kyauta musu ba. D. A. Pennebaker ya ɗauki wasan a fim. Bowie ya bayyana daga baya cewa ya kai matsayin da ya kasa rarrabe kansa da Ziggy.

Zanen walƙiyar nan a fuska, da ake yawan jingina wa Ziggy, na bangon faifan Aladdin Sane ne na 1973. A 1976 Bowie ya sake fitowa da wani sabon mutum, Thin White Duke.